Jar Saniyar Hure

A shekarar da tiyar gero ta fi ƙarfin talaka, saniya ɗaya ta rage a gidan Hure, a wani ƙauye kusa da Bagwai. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin a yi shuka. Ɗanta Badaru ya yi ta lallaɓa ta a kai saniyar kara, kasuwar dabbobi, a sayar a sayo hatsi, ita kuwa ta kafe. Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake tana da nata daidai gwargwado. Jar saniyar daga tsatson shanun kakarta take, kuma Hure na ganin ranar da aka kwance ta, an share sawun tsohuwar daga gidan ke nan.

Kakar takan ce iyayenta daga gabas suka taho, mata bisa takarkarai, suna bin ciyawa. Mutanen gari suka mai da maganar abin dariya, don wa ya taɓa ganin mace a kan takarkari? Ban da shanu, abin da ta bar wa zuri'arta shi ne shan madara da ɗuminta, daga hantsa sai baki. Maƙwabta sai ta kwana ta yi tsami suke dama fura. Matar Badaru ta gwada shan ɗanyar madarar sau ɗaya don kara, ta wuni tana zaryar bayan gida. Shi ya sa ake ce wa 'yan gidan masu cikin maraƙi.

Bara wasu masu bincike daga jami'a suka zo suna karɓar yawun mutane. Hure ta ba da nata tana mita, wai duniya ta lalace har tofi ya zama abin nema. Bana sai ga Safara'u, 'yar maƙwabcinta da ke aiki tare da su, ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, sakamakon yawunki ya fito. Akwai wata alama da ake gada a jini, ita ke sa babba ya sha ɗanyar madara cikinsa lafiya. Iri-iri ce, Fulani ma da tasu. Taki irin ta Larabawa makiyaya ce. Ana samunta wajen Shuwa a bakin Tafkin Chadi, da Sudan, har ƙasar da Makka take."

Hure, wadda ba ta taɓa wuce birnin Kano ba, ta ajiye tsintsiyar hannunta. "A ƙafa suka zo?"

"A ƙafa, Inna, da dabbobinsu. Uwa ta haihu a hanya, 'ya ta girma ta ɗora, shekaru ɗaruruwa. Sunayensu dai ban sani ba, jini ba ya faɗar suna."

Hure ta dubi jijiyoyin bayan hannunta, hannun da ta sani da daka da tatsa, ashe yana ɗauke da tafiyar da babu wanda ya rubuta. Tsoron Allah ya kama ta, da wani daɗi da ta rasa inda za ta sa shi. Can ta ce a hankali, "Ikon Allah. Jikokina fa?"

"Duk wanda madarar ba ta damunsa, da alama ya ɗauko."

Da safe Hure ta tatse jar saniyar, ta miƙa wa jikokinta ƙwaryar. Suka shanye tas, kumfa a leɓunansu. Sannan ta je turke ta kwance igiyar da hannunta, ta danƙa wa Badaru.

"Kai ta. Ka gaya wa mai saye ba ta son duka."

Badaru ya tsaya yana kallonta. "Inna, gadon Kaka fa?"

Hure, hawaye na bin kuncinta, ta nuna 'yar ƙaramar jikarta Maijidda da haɓa. "Ni na ɗauka a turke tsohuwar take. Ashe ga ta nan tana lasar baki."