Mig a Hanyar Zurmi

Namadi ya sake ɗaga labulen ɗakin mahaifinsa, duk da ya san babu kowa ciki. Tabarma na shimfiɗe, kunun safe ya huce har ya yi fata. Takalman tsohon ne babu.

"Wanki nake yi a baya," in ji matarsa Zulaihat, hannunta duk kumfa. "Wallahi ko ƙarar ƙyaure ban ji ba."

Namadi ya shiga zauren da ya mayar wurin aikinsa, inda ƙananan jiragen yaƙi ke jere a kan kanta. Shi ya sassaƙa su da katako da gwangwanin madara, in ya taso daga makarantar da yake koyarwa. Ga Jaguwa, ga Alfa Jet, ga wanda bai gama wa fenti ba. Amma Mig 21, mai tsinin hanci, wanda ya fi kowanne cin lokacinsa, ba ya nan.

Mahaifin nasa, Baba Nasidi, ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran jiragen yaƙi a Kano da Makurɗi kafin ya dawo Ƙaura Namoda. Da labarin jiragen nan ya reni 'ya'yansa, kuma daga bakinsa Namadi ya koyi siffarsu tun kafin ya ga hotonsu. Tun bara tunanin tsohon ya fara kwancewa. Yakan kira Zulaihat da sunan marigayiyar matarsa, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Amma da an sa masa jirgi a hannu sai harshensa ya miƙe.

Namadi ya tayar da babur ya shiga gari. Mai shayi ya ce ya ga tsohon ya yi wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A can bai sami kowa ba sai awaki a kan layin dogo. Mai faci ya ce a'a, ai ɗan acaɓa ya ɗauke shi zuwa Kasuwar Daji. A tashar mota kuma ɗan kamasho ya sosa ƙeya.

"Tsoho mai farar riga da abin wasan yara? Na gan shi. Motar Shinkafi ya shiga."

"Ka tabbata?"

"Ko ta Zurmi ce? Malam, tare suka cika."

Ya kira ƙanwarsa Mariya da ke aure a Shinkafi, ya ce ta sa mijinta ya tsaya a tasha. Ta fashe da kuka. "Yaya, ka san hanyoyin nan. Tsoho shi kaɗai, bai ma san sunan garinsu ba!"

Ya kashe wayar ya tsaya tsakiyar tasha, masu talla na ture shi. Hanya biyu, shi ɗaya. Ya tayar da babur, ya kashe, ya sake tayarwa. Ana kiran azahar wayar ta yi ƙara. Lamba ce da bai sani ba. A yankin nan in naka ya ɓace kuma baƙuwar lamba ta kira, kowa ya san abin da ake fara tunani.

"Kai ne Malam Namadi?" Muryar namiji ce, ba gaisuwa. "Saja Isah ke magana, daga shingen sojoji na hanyar Zurmi. Akwai tsoho a hannunmu, shi da jirginsa. Direban da ya sauke shi ya ce ka koyar da shi a makaranta, shi ya ba mu lambarka."

"Ba shi wayar in ji muryarsa."

"Ya ƙi karɓa. Ya ce yana bakin aiki."

Namadi bai san ko gaskiya ba ce ko tarko. Ya kira Zulaihat ya gaya mata inda za shi, ya yi addu'a, ya ɗauki hanya. Gero ya yi tsayi hagu da dama har ba a ganin abin da ke bayansa. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga gona sai ya ƙara gudu.

Shingen na nan kuwa, da buhunan yashi da motar sulke. Ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya hango farar riga. Baba Nasidi na zaune a kan benci, ya miƙe baya kamar ba shi ne ke tafiya a duƙe ba, sojoji sun kewaye shi suna saurare.

"Wanga ba ya son wasa," yake ce musu, yana shafa hancin jirgin. "Ta nan yake shan iska. In ya tashi a Makurɗi, sai ka ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarka. Yana wucewa kafin ƙararsa ta iso. Ɗan'uwansa Mig goma sha bakwai ya fi shi haƙuri, ko ka ɓata masa rai zai kawo maka matuƙinka gida. Jaguwa kuwa kyau gare ta, amma ba mu daɗe tare ba."

Namadi ya durƙusa gabansa. "Baba! Ka tayar mana da hankali. Tashi mu koma gida."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, cikin ladabi irin na baƙo. "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

"Ni ne, Baba. Namadi."

"Sunan ɗana ke nan," in ji tsohon, ya yi murmushi. "Amma shi yaro ne, bai ma kai kafaɗata ba."

Namadi ya kama hannunsa. Tsohon ya fizge da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, jirgin ya bugi bencin, fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗi ƙasa.

"Saja!" ya ɗaga murya. "Ban san mutumin ga ba. Kada ku bari ya tafi da ni."

Fuskar Saja Isah ta canza. Ya shiga tsakaninsu. Namadi ya ciro waya, ya nuna masa hotonsu na sallah, shi da tsohon kafaɗa da kafaɗa. Sajan ya duba hoton, ya duba su, ya sauke ajiyar zuciya.

"Na yarda, Malam. Amma dubi yadda yake. In ka ɗora shi a babur da ƙarfi, zai diro maka a hanya. Mu kuma ba za mu riƙe shi ba, kuma in la'asar ta wuce ba na ba kowa shawarar bin hanyar nan."

Namadi ya tsuguna, kansa ya ɗaure. Ya ambaci sunan Mariya, tsohon bai ɗago ba. Ya ambaci unguwarsu da masallacinsu, duk a banza. Baba Nasidi ya ɗauki fiffiken yana ta manna shi a jikin jirgin, yana faɗuwa, yana sake mannawa.

"Da safe zai tashi," yake cewa shi kaɗai. "Yaya za a yi ya tashi haka?"

Namadi ya daɗe yana kallon hannuwan nan. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, daga wurin gyara aka aiko ni. An ce a kawo shi yau, kuma a zo da kai, don ba mai taɓa shi sai kana tsaye."

Tsohon ya ɗago. "Kana da kayan aiki?"

"Komai na can."

"To me muke jira?" Ya miƙe, ya sara wa sojojin, su ma suka sara masa ba wanda ya yi dariya.

A hanya ya rungume jirgin da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe rigar Namadi. Da rufin kwanon Ƙaura ya fara ƙyalli a gabansu, tsohon ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Kai, da ganinka kana da hankali. Yaron nan nawa yana son aikin jirgi, kullum yana bina da tambaya, ni kuma ban cika zama gida ba. Za ka koya masa?"

Namadi ya rage gudu, ya kauce wa wani rami. Iska ta busar da abin da ya taru a idonsa.

"Zan koya masa, ranka ya daɗe."

"Ka yi haƙuri da shi. Yaron kirki ne."

"To," in ji Namadi. "Riƙe ni da kyau, mun kusa."