Kulocin Kunkuru

Motar tana bayan gida, ƙarƙashin rumfar kwano, tun ranar da Baba ya kashe ta ya shiga ɗaki bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Tsohuwar mota ce doguwa, mai manyan tayoyi, irin wadda aka yi domin duwatsu da taɓo. Baba ne ya sa mata suna Kunkuru, saboda ba ta sauri kuma ba ta fasa tafiya.

Yaya, babban ɗa, ya gaji da ganinta. Ya ce ta cinye fili, kaji na yin ƙwai a kujerarta, yau da la'asar zai zo da mai sayen tsofaffin ƙarafa a yanka ta a kwashe. Auta ya roƙe shi. Yaya ya yi dariya ya ce to, in ta fita ƙofar gida da ƙafarta kafin su iso, shi ya haƙura.

Auta mai facin taya ne, ba bakanike ba. Amma ya yi kwanaki yana lallaɓa ta bayan ya tashi daga aiki, ya aro batir, ya wanke tanki, har injin ya yi tari ya tashi. Kuloci ne ya ƙi. Ka taka fedar sai ta tafi ƙasa luƙus kamar ka taka auduga, ta kwanta can ba ta dawowa sai ka ɗago ta da yatsan ƙafa. In inji na aiki ka nemi giya, sai ƙarafa su yi ta cizon juna.

Ya buɗe bonet ya leƙa ɗan kofin man kuloci, ya ga ya bushe, sai baƙin datti a gindi. Ya shiga ƙarƙashi ya shafa famfon ƙasa, wanda ke tura kulocin, ya ji shi jiƙe. Robar ciki ta tsage. Ya canja ta, ya zuba sabon man birki, wanda shi kuloci ma yake sha, ya cika kofin. Saura fitar da iskar da ta shiga bututu, wannan kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka feda ya riƙe, ɗaya yana ƙasa ya kwance ɗan noti iska ta fita, ya ɗaure, sannan na sama ya saki. In na sama ya saki noti na buɗe, iskar da aka kora ita ce za ta koma.

Matarsa ta tafi wurin aiki. Gidan babu kowa sai Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a tabarma tana tsefe wani tsohon zare.

"Inna, aron ƙafa na zo."

"Wacce? Ta dama ciwo take."

"Ta hagu nake so."

Ta dube shi, ta dubi rumfar. Tun rasuwar Baba ba ta ko bi ta gefen motar. Ta daɗe tana naɗe zaren a yatsa, sannan ta miƙe ta gyara mayafi.

"Kai dai ba ka barin mutum ya tsufa."

Ya riƙe ta ta hau. Ta zauna a kujerar direba, ta ɗora hannu a sitiyari wurin da fatar ta goge. Ƙamshin cikin motar bai tafi ba, tsohuwar roba da mai da rana. Ya fara yi mata bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Kafin a haife ka nake wannan aikin. Shiga ƙasa."

Ya shimfiɗa kwali ya kwanta. Ƙarƙashin Kunkuru da sanyi. Hasken rana na shigowa ta hujojin kwano, ya ratsa tsakanin ƙarafa, ya sauka masa a ƙirji ɗigo-ɗigo. Akwai busasshiyar laka maƙale a jikin ƙarfe, ja da fara da baƙa, ta hanyoyin da shi bai taɓa zuwa ba. Ya sa farce ya ɓanɓaro kaɗan, ta zube masa a wuya kamar gari. Yana yaro, daga nan gefe yake tsugunawa, ba ya ganin komai na Baba sai tafin ƙafa biyu.

"Taka, Inna. Ƙara. Riƙe."

Ya sa sifana ya kwance notin. Sifanar doguwa ce, wurin kuma matsattse, duk juyi sai gindinta ya bugi ƙarfen mota, ƙwal. Mai ya tsarto cikin gwangwani da kumfa, sai kuma ya ji wata 'yar zuƙa, kamar jariri ya ja numfashi. Ya ɗaure.

"Saki."

"Na saki."

Suka sake. Suka kuma sakewa. Yakan fito ya ƙara mai a kofi ya koma. Kumfar ba ta ƙarewa. Ya fito ya taka fedar da hannu, tana nan luƙus. Ya bi bututun tun daga sama da yatsa ko akwai inda yake yoyo, babu. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ko famfon sama, na jikin feda, shi ke zubarwa ta ciki, ya ga wurin a bushe. Inuwar rumfa ta fara karkata. Man da ya sayo ya yi nisa, in ya ƙare ba shi da wani.

Ya koma ya kwanta, ya bar sifanar a ƙirji. Sai ya ji Inna na magana a sama, a hankali, ba da shi ba.

Tana ba da labarin wani rafi da suka taɓa tsallakawa ita da Baba, ruwa har ƙofa, ita ta ɗage ƙafafu kan kujera tana rungume da Yaya yana jinjiri. Da wani tudu inda kuloci ya mutu musu, babu gida babu mutum, sai tsuntsaye farare a kan wata bishiya, suka yi ta aikin nan su biyu har tsuntsayen suka saba da su suka sauko. Muryarta na bi ta ƙarfen motar tana sauko masa. Ya lumshe ido. Ya ji kamar motar na tafiya a kansa, ƙasa na wucewa ta bayansa, ciyawa na shafar kunnensa, shi kuwa ba ya ko motsi.

Ya juya zai gyara kwanciya, sifanar ta zame ta bugi ƙarfe, ƙwal. A take ya ji fedar ta ɗago a sama, ƙiiit.

Ya buɗe ido. Bai ce a taka ba, bai ce a saki ba.

"Inna, kina taka ne?"

"Ƙafata na kai dai. Me ya faru?"

"Danna ki riƙe. Kar ki saki sai na ce."

Ta danna. Ya ɗauki sifanar ya ƙwanƙwasa ƙarfen da gangan. Fedar ta ɗago.

Ya jawo jiki ya fito, ya tsaya bakin taga, laka a gashinsa.

"Inna, na ce kar ki saki."

"Ai ban saki ba."

"Dubi ƙafarki."

Ta duba. Ƙafar na sama, fedar na sama. Ta zuba mata ido kamar ƙafar wata ce. Can sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, bai gane dariya ce ko kuka ba sai da ta yi magana.

"Babanku ne. Shi ba ya kira. Ya ce ba zai kwanta a ƙasa yana yi wa matarsa ihu mutane na ji ba. In ya ɗaure notin sai ya buga ƙarfe, ni kuma in saki."

"Ni kuwa ina bugawa lokacin da na kwance."

"To ka ga. Kai kana magana da kunnena, shi yana magana da ƙafata." Ta share ido. "Ƙafar ba ta san ya tafi ba."

Auta ya tsaya yana juya sifanar. Ya shiga ɗaki ya yago tsumma, ya naɗe gindinta ya ɗaure tam. Ya zuba sauran man duka a kofi, ya koma ƙasa.

Ya ji ta taka, ta taka, ta riƙe. Ya kwance notin shiru. Kumfa ta fito da tsaki. Ya ɗaure, ya juya kan sifanar ya buga, ƙwal. Ta saki. Haka suka yi ta yi, babu mai cewa uffan, sai ƙarar feda da ƙarar ƙarfe, da wata kaza da ta zo ta leƙa shi ta wuce. Kumfar ta yi ƙanana, ta yi ƙanana, sannan mai ya fito wasai kamar zuma.

"Ya fara yi mini gardama," in ji Inna daga sama. "Ya yi tauri."

Ta matsa ɗaya kujerar da kanta. Ya hau, ya murza makulli, Kunkuru ta yi tari ta kama. Ya taka kuloci, ya ji nauyinsa a cinya. Ya tura giya ta ɗaya, ta shige ba ko ƙis. Ya ɗago ƙafa a hankali. Motar ta yi miƙa, tayoyin suka ɓalle daga ramukan da suka yi wa kansu, rumfar ta ja baya.

Suna kai hanci bakin ƙofa, ga Yaya da mai ƙarafa suna shigowa. Suka kauce gefe. Kunkuru ta bi ta tsakaninsu ta sauka titi, tafiyar da ba ta fi ta mai ɗauke da ruwa ba.

Yaya ya biyo ta, hannunsa a kan taga.

"Auta, tsaya mana mu yi magana."

"Ban duba birki ba, Yaya."

"Ba ka duba birki ba ka ɗauko Inna?"

"Ni na ɗauko kaina," in ji Inna. "Ka ce in ta fita. Ta fita ko ba ta fita ba?"

Yaya ya ci gaba da takawa a gefensu, yana duban allon mota, yana duban sitiyari, ya wuce shagon mai aski, ya wuce famfon unguwa. Mai ƙarafa ya tsaya can baya ya rungume hannu.

"Wannan ƙarar fa?" in ji Yaya. "Ta baya. Tun da can tana yi."

"Ƙofa ce, ba ta kamawa," in ji Inna. "Shiga ka riƙe ta."

Ya waiwaya sau ɗaya, ya tattare rigarsa, ya kama ƙarfe ya hau motar tana tafiya.