Tsagar Baba Osumanu

Ni ce mai zanen gidanmu, kuma babu wanda ya taɓa ja da ni a kan haka sai da aka aiko wa Abdul-Wahab allo daga Jamus. Shekara shida ina yi wa mutanen lungunmu na unguwar Nima katin aure da na suna a wayata, da ɗan yatsa ɗaya, har yatsan ya yi kanta. Amarya ta ce a rage mata kumatu, in rage. Ango ya ce a cike masa gemu, in cike, ban kuma taɓa tona asirin kowa ba.

Abdul-Wahab ɗan kawuna ne. A Kokomlemle, unguwar masu hali, ya tashi, ba ya shigowa Nima sai da Sallah, shi ma yana tattare ƙafar wando in zai tsallake kwata. Yana taɓa zane, ban hana shi ba, amma duk wanda ya zana sai ya fito kamar mutum-mutumin shagon tela. To sai ga wannan allo. Baƙi ne, shafal kamar tire, yana da alƙalaminsa. A jona shi da laftof, ka ja layi a kansa, layin ya fito a fuskar kwamfuta. Tun ranar da ya buɗe kwalin ya koma kiran aikina "shafe-shafe", yana yi yana kallon yatsana da tausayi.

Ana cikin haka Allah ya yi wa kakanmu Baba Osumanu rasuwa. Ɗan ƙabilar Mosi ne, ya yi gadi a unguwar Kanda shekara talatin, kuma duk tsawon rayuwarsa ya ƙi hoto. In ka ɗaga waya sai ya rufe fuska da hula ya ce ba a biya shi don a kalle shi ba. Hoto ɗaya ya taɓa yi, na katin shaida, shi ma an wanke shi a aljihun riga. Abin da ya rage a jikinsa hula ce da kunnuwa biyu, tsakiyar kuwa fari fat.

Ranar sadakar bakwai matarsa, Kaka Asana, ta ce tana so kafin arba'in a zana mata fuskarsa, a yi fosta da ita, a kuma sa ɗaya a gilashi a rataya mata a ɗaki. Ban ma ɗaga kai ba, don na san aikin nawa ne. Ni nake kai masa koko da ƙose kowace safiya. Ni nake yanke masa farce. Ni yake aika in sayo goro, in dawo ya ce na cinye rabi a hanya. Wannan zanen shi ne abu na ƙarshe da zan iya yi masa, kuma ina son sa har cikin raina.

Sai Kawu Fatawu, uban Abdul-Wahab, ya gyara murya.

"Abdul-Wahab zai yi. Yana da mashin yanzu."

"Kawu, mashin ne zai zana ko mutum?"

"Nasiha, wannan ba katin suna ba ne. Abin manya ne. Mashin ɗin daga Jamus ya zo, ba daga kasuwar Sarkil ba."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka watse. Na koma ɗaki na zauna ina kallon yatsana, raina ya yi baƙi ƙirin. Har tuwon rana na ƙi ci, kuma babu wanda ya lura, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Bayan mako biyu Abdul-Wahab ya zo da jakarsa, ya same ni ina wanki a tsakar gida. Ya buɗe laftof a kan benci ya juyo mini da ita. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: zanen ya yi kyau. Allon ya gyara masa hannu. Layinsa da a da yake rawa ya miƙe, zaren hular Baba ɗaya bayan ɗaya ana iya gani, har furfurar gemu ya sa mata haske. Da na ga haka sai na ƙara jin haushinsa. Amma fuskar sumul take kamar ta jariri, babu tsaga ko ɗaya.

Ya sosa ƙeya, ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya kira ni "chale", wato aboki a bakin samarin gari.

"Chale Nasiha, tsagar Baba fa, yaya take? Na san akwai layi-layi, amma ban taɓa lura ba koraa, ko kaɗan."

"Ka tambayi babanka mana."

"Kin san halinsa. Zai ce ban san fuskar kakana ba, ya faɗa wa kowa a masallaci."

Na ci gaba da cuɗa riga ina nazari. Da ya kamata in ji tausayinsa. Ban ji ba.

Duk wanda ya tashi a Zango ya san ƙabilun Mosi da Dagomba abokan wasa ne. Ɗan Dagomba ya ga tsohon Mosi mai furfura sai ya kira shi jikansa, ya ƙwace masa hula, shi kuma ya rama da abin da ya fi haka, ba mai fushi. Kaka Asana 'yar Dagomba ce. Shekara hamsin da biyu ta yi tana kiran mijinta "jikana", shi kuma yana cewa ya auro ta ne don ya taimaki danginta. Babu zagin da ya fi ƙona wa Baba rai kamar a ce ya yi kama da Dagomba.

Na ɗauraye hannu, na tsoma yatsa a ruwan wanki, na zana masa a siminti: gajeren layi ɗaya a kowane kunci, irin wanda ke fuskar ƙannen Kaka.

"Shi ke nan? Ni kamar na tuna sun fi haka tsawo."

"Tsufa ne ya ja su. Kai da kake zuwa sau biyu a shekara za ka faɗa mini?"

Ya yi godiya har da cewa Allah ya bar zumunci. Dabarata mai sauƙi ce. Ranar Juma'a za a nuna zanen a gaban kawunnai da tsofaffin Mosi abokan Baba. Za su ga an mayar da ɗan'uwansu Dagomba, a yi masa ihu, a karɓe aikin a ba ni. Abin da ban lissafa ba shi ne zumuɗin Abdul-Wahab. Washegari da hantsi na hango shi ya shigo gida, bai ko tsaya gaisawa ba, ya nufi ɗakin Kaka kai tsaye. Na yar da tsintsiya na bi shi. Wannan wasan ba don ita na shirya shi ba.

Kaka tana takaba, tun rasuwar ba ta fito ƙofar ɗaki ba, kuma ba wanda ya ga haƙorinta. Tana zaune a tabarma da carbi. Abdul-Wahab ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye laftof a kan kujera 'yar tsuguno a gabanta. Ta laluba tabarau ta sa, ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina neman hanyar da zan bi in ɓace.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda take fitowa daga ciki, har carbin ya faɗi.

"Wa ya musuluntar mini da jikana ya zama Dagomba?" ta ce tana share ido. "Shekara hamsin da biyu ina roƙonsa ya dawo gida, ya ƙi. Sai da ya mutu kuka kawo shi."

Matan gida suka jiyo, suka cika ƙofa, kowa tana leƙe tana riƙe ciki. Wata ta ce a rufe kwamfutar kafin marigayi ya ji labari. Abdul-Wahab ya juyo ya kalle ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Wa ya faɗa maka haka tsagarsa take?" Kaka ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Ba sai ka faɗa ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya gaji tsokanar kakansa." Ta nuna ni da baki. "Zo nan. Ba Nasiha alƙalamin, ita ta san shi. Kullum tana gindinsa."

Kunya ta kama ni, amma ƙarya nake in na ce ban ji daɗi ba. Ga abin da nake nema ya zo hannuna, a gaban shaidu. Na zauna, Abdul-Wahab ya goge tsagar ƙaryar, ya turo mini allon. Na riƙe alƙalamin kamar na saba, na ja layin farko, sai ya fito a kan hular Baba. Abin haushi ne wannan allo, hannunka yana nan, idonka yana can. Na sake ja, ya fito a kunne. Matan ƙofa suka sake fashewa, Abdul-Wahab kuma ya ce a hankali, "Ba shafe-shafe ba ne, sista." Na sake gwadawa.

A karo na biyar hannuna ya gane hanya. Na ja layin nan da yake tasowa daga karan hanci ya gangaro kunci. Sai na zo kan dogayen, waɗanda suke sauka daga gefen ido zuwa haɓa, na tsaya. Uku ne ko huɗu? Na rufe ido na kira fuskarsa. Na ga haƙoransa ja da goro, na ga yadda yake kanne ido ɗaya in zai yi mini sharri, na ji muryarsa ma. Tsagar ce ta ƙi tsayawa. In na ƙirga uku sai in ga kamar akwai ta huɗu kusa da kunne. Mako uku kacal da binne shi. Fuskar da na kalla kowace safiya tun ina rarrafe, ashe ban taɓa kallonta ba, sabawa kawai na yi da ita. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar jana'iza.

"Na hancin ma a hagu kika sa," Kaka ta ce, ba da faɗa ba. "A dama yake."

Matan ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Kawo abin," Kaka ta ce, ta miƙo mini hannu.

Kaka ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ko ranar zaɓe yatsa take dangwalawa. Ta damƙe shi kamar muciya. Abdul-Wahab ya matso, ya kama wuyan hannunta ya kai shi inda ya dace.

"Nan ne gefen idonsa, Kaka. Ki kalli kwamfutar ki ja ƙasa."

"Me zan kalla a ciki?"

Ta cire tabarau ta ajiye, ta rufe ido, ta ja. Layin ya fito da kauri a sama, ya sirance yana sauka.

"Kin danna da yawa a farko," Abdul-Wahab ya ce. "Allon yana jin nauyin hannu. Bari in daidaita miki."

"Kar ka taɓa. Haka yake. Nan wanzami ya nutsa aska, nan kuma ya sassauta."

Ya mayar da hannunta sama, ta ja na biyu. Na uku ta ja shi rabi, ta ɗaga alƙalami, ta ɗan tsallake, ta ƙarasa.

"Ya katse, Kaka."

"Ya katse. Uwarsa ya ce yana jariri ya yi atishawa a hannun wanzami. In ka shafa da yatsa za ka ji wurin, sumul."

Uku ne a dama, uku a hagu, na hagun sun fi matsuwa da juna. Sannan na hanci, wanda ta ja a hankali ƙwarai, bakinta yana motsi. Layukanta sun karkace, babu wanda zai ci jarrabawar zane a cikinsu. Amma tana ɗaga hannu Baba Osumanu ya fito a gilashin. Mutumin da Abdul-Wahab ya yi mako biyu yana gogewa, wanda ni na rantse na fi kowa saninsa, sai yanzu ya shigo ɗakin. Na ji hawaye yana bin wuyana ban san lokacin da ya fara ba.

Kaka ta buɗe ido, ta mayar da tabarau. Ba ta yi dariya ba wannan karon.

"Ku fita ku bar mini shi."

Muka fita, na saki labule. Muka zauna a benci ni da Abdul-Wahab, kowa yana kallon ƙafarsa. Na ce masa ya yi haƙuri, ya ce ba komai, amma sai ya rama, ko da bayan arba'in ne. Na ce na yarda. Daga ciki muka fara jin muryarta ƙasa-ƙasa da yaren Dagomba, tana yi masa tsiya yadda take yi kowace safiya, tana ɗan tsayawa a inda ya saba ba ta amsa.

Abdul-Wahab ya dafa kai.

"Chale, batirin saura kaɗan. Minti goma zai mutu."

Cajar tana cikin jakarsa, amma soket ɗin ɗakin Kaka ya daɗe da lalacewa. Na tashi ko takalmi ban sa ba, na ruga gidan maƙwabta neman doguwar wayar wuta.