Kawa Ta Fara Zuba Ƙwai

Ɗan sandan bai bari Tajuddeen ya gama bayani ba. Ya leƙa bayan motar, ya ga kwalaben gwaji da akwatin ƙanƙara, ya girgiza kai.

"Tak boleh," ya ce da yaren ƙasar ta cikin takunkumi, wato ba zai yiwu ba. Ba a tsallaka jiha.

Najiba ta sunkuyo daga gefen mijinta ta yi masa bayani da kanta. Digiri na uku take yi a kan kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu. Kejinanta na can bakin teku a Kedah, kuma sai a kwanakin farko da kawar ta fara zuba ƙwai ake ɗibar samfur. Bara ma kullen korona ne ya hana ta. Ya saurare ta cikin ladabi, sannan ya nuna musu inda za su juya.

Suka juyo har suka shigo unguwar Sentul. Tituna fayau, shagunan mamak masu sayar da shayi da abinci a rufe, zafin Agusta na tashi daga kwalta. Daf da gadar kogi Tajuddeen ya taka birki.

"Ikon Allah! Najiba, duba."

Karnukan ruwa ne, uwa da 'ya'yanta, jikinsu sharkaf, suna ƙetare titi a natse kamar gadonsu. Tun da mutane suka shige gida, namun daji suka samu gari. Jiya ma maƙwabciyarsu ta tarar da biri a kicin.

"Su dai ba mai tare su," in ji Najiba.

Wayarta ta yi ƙara, kiran bidiyo. Pak Hadi ne, dattijon masuncin da ke kula mata da kejinan, yana tsaye cikin kwalekwale.

"Sun fara, 'yata. Tun asuba ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Kin taho?"

"An mayar da mu, Pak."

"To faɗa min abin da zan yi."

Ta san Pak Hadi ba zai iya ba. Ba shi da sinadarin da ke adana samfur, kuma kafin wani ya kai masa, igiyar ruwa ta kwashe komai. Malaminta ya riga ya gaya mata ba za a ƙara mata wata shekarar ba.

"Abban Bashira," ta ce wa mijinta a hankali, "me zan ce masa?"

Tajuddeen ya kashe motar. Ƙaramin cikin karnukan ruwan ya tsaya tsakiyar titi yana kallonsu, sannan ya bi uwarsa.

Najiba ta goge ido da gefen hijabinta.

"Babu komai, Pak. Juya min wayar wajen ruwan, ka riƙe. Ban taɓa gani da idona ba."

Dattijon ya juya wayar. Hoton na yankewa yana dawowa. Ta matso da fuskarta.