Zabuwar da Ta Waiwayo

Duk Kagoro an san Baba Nelson da abu biyu, citta mai kyau da taurin kai. Cittar ba ta dami kowa ba. Taurin kan ne ya hana matarsa Milka sakat tun da aka sa ranar bikin autarsu Hephzibah.

Maganar kuwa ta daɗe. Nelson ya yi ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kakuri, can Kaduna, shi ke zana adon da ake bugawa a jikin atamfa. A zamanin, in jiniyar tashi ta yi kuka, titi cika yake da ma'aikata har mai keke sai ya sauka ya tura. Sai atamfar waje ta fara kwararowa, ga araha ga ƙyalli, injuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari an garƙama wa ƙofar masaƙar kwaɗo. Nelson ya kwaso iyalinsa ya dawo gindin dutsen Kagoro ya rungumi fartanya. Ranar da ya sauka daga mota ya rantse a gaban 'yan'uwansa cewa atamfar waje ba za ta taɓa jikinsa ba har a sa shi a akwati. Kowa ya ɗauka zafin zuciya ne, zai huce. Ina! Tsofaffin rigunansa na masaƙa yake ta juyawa, Milka ta yi musu faci har facin ma ya nemi faci.

To ga biki ya taso. A cocinsu uban amarya ne ke riƙo hannunta daga bakin ƙofa har gaban fasto, sanye da ankon gida. Uban da ya fito da kaya dabam, dangin ango ba sa jiran a fassara musu, sun san bai so auren ba. Dangin wannan angon kuma daga Kujama za su zo, da gwaggwanninsa masu idon da ke ganin zare ɗaya in ya karkace.

"Baba, rana ɗaya ce fa," in ji Hephzibah, ta durƙusa a gabansa yana wasa bakin fartanya. "In an tashi daga coci ka cire."

"Ku nemo ta gida," ya ce bai ko ɗago kai ba. "Ko ta fi buhu kaushi zan sa, in taka rawa a ciki."

Milka ta san mijinta. Ba zai hana auren ba, yana son yaron. Zai dai shiga coci da rigarsa mai faci, ya riƙe 'yarsa da murmushinsa, ita kuma yarinyar ta shiga gidan miji da abin gori a kanta. Wannan ne ya sa washegari ta ɗaura ɗankwali ta hau bas zuwa Kafanchan.

Shagon Florence ta nufa. Florence a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, ubanta direban jirgi ne daga gabas, kuma ta sayar da atamfa a kasuwar nan tun Milka na goyon Hephzibah. Hausarta ta fi keken ɗinki gudu, sai dai mace da namiji duk "ka" take ce musu.

"Mama Hephzi, zauna ka sha ruwa tukuna," ta ce bayan ta ji buƙatar. "Na gida kake so? Wanda zai isa dangi, ya isa mawaƙan coci, ya isa Zumunta Mata? Ni kaina rabon da in gan shi da yawa haka na manta. In an samu kaɗan ma, kuɗinsa zai kori mutanenka. Oga Nelson dai! Bari in nuna maka sabon kaya, jiya ya sauka daga Caina."

"Ba kallo na zo ba, Florence."

"Kallo kyauta ne."

Ta yanke igiyar wata dila, ta zaro turmi ɗaya, ta warware shi a kan benci. Milka ta kalla da gefen ido don kada a ce ta yi wulaƙanci. Shuɗi ne mai duhu. A ƙasa ga layin duwatsu, a sama ga zabi sun jeru suna tafiya, duk sun fuskanci gaba. Idonta ya bi jerin, ɗaya, ɗaya, ɗaya, sai ga wata ta karkato wuya tana duban baya.

Ihun da Milka ta yi sai da mai sayar da manja a layi na gaba ta rugo da ludayi a hannu.

"Yesu! Ni ce! Florence, wannan ni ce!"

Mata suka taru, wasu na tsammanin kunama ce. Milka ta rungume turmin tana dariya hawaye na zuba, tana ba su labari kai da gindi a haɗe. Wai tana budurwa, wata ranar kasuwa sun jero su 'yan mata da kwandunan citta a ka, wani saurayi mai gashin baki da ke aiki a Kaduna, wato Nelson, yana tsaye gindin mangwaro. Duk suka wuce shi kamar ba su gan shi ba, ita kaɗai ta waiwaya. Da ya koma aiki sai ya zana abin. Shugabansa ya ce ai kuskure ne, a gyara wuyan zabuwar nan. Nelson ya ce sai dai a kore shi. Aka buga haka, atamfar ta yi kasuwa har mata suka sa mata suna Waiwaye.

"To ta yaya ta je Caina?" in ji mai manja.

"Da ƙafarsa ya je?" Florence ta ce tana tafa hannu. "Akwai masu bin tsofaffi suna sayen tsohon zani, su aika can. Kafin ka ce me, ya dawo cikin kwantena, sabo fil. Mama Hephzi, magana ya ƙare. Mutum zai ƙi zanen hannunsa?"

Haka Milka ma ta gani. Ta ce a ajiye mata dilar gaba ɗaya, ta ɗauki turmi guda, ba ta ma tsaya jiran bas ya cika ba, ɗan acaɓa ta tare. Duk hanya tana ce masa ya ƙara wuta, ita da kullum take yi wa 'yan acaɓa wa'azi a kan gudu.

Ta tarar da Nelson a tsakar gida yana yanyanka irin citta. Ta shimfiɗa atamfar a kan igiyar shanya. Ya ɗago kai. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

Milka ba ta taɓa ganin tsohon nan ya tashi da sauri haka ba. Ya bi jerin zabin da yatsa, da ya iso kan mai waiwayen sai ya fashe da wata irin dariya da rabon gidan da ita tun suna Kakuri.

"Har ita! Maman Hephzibah, har ita suka kwafa!" Ya leƙa ta kan katanga yana ƙwala wa maƙwabta kira. "Ku zo ku ga aikina! Wani bawan Allah can bayan teku ya zauna ya zana matata, bai san ta ba, bai san Kagoro ba. Dubi dutsen nan, ai namu ne, ga inda ya tsage!"

Gida ya cika. Hephzibah tana tsalle kamar ƙaramar yarinya, wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Nelson ya yi ta nuna wa mutane yadda ake haɗa shuɗin, da yadda ake ɗiga farin da ke bayan zabo. Milka ta tsaya gefe zuciyarta fes, tana cewa a ranta yau dai Ubangiji ya sauke mata kaya.

Sai ya kama bakin atamfar ya murza tsakanin yatsu. Ya juya bayanta. Gaban ne kawai ke da launi, bayan fari-fari ne kamar an wanke shi da toka. Dariyar ta ragu a fuskarsa har ta ƙare.

"Ku saya," ya ce a hankali. "Kowa ya sa, zan ji daɗin gani. Zanen nawa ne. Amma atamfar ba tamu ba ce, irinta ce ta rufe mana ƙofa. Ba zan sa ba."

Ya koma ya ɗauki wuƙarsa. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, Hephzibah ta shige ɗaki tana kuka.

Ran Milka ya ɓaci ƙwarai, har ta ji kamar ta kifa masa kwandon cittar a ka. Amma duk da haushin, tausayinsa ya kama ta. Mutumin nan an raba shi da aikinsa, an raba shi da abokansa, abin da ya rage masa rantsuwar nan ce kawai. Ta shiga ɗaki don ta huce, ta zauna a kan tsohon akwatinta na ƙarfe. Tana zaune a kansa ne dabara ta faɗo mata, ta miƙe zumbur kamar akwatin ya ƙone ta.

A can ƙasan akwatin, ƙarƙashin kayan coci, akwai turmi guda na Waiwaye. Shi ne na farko da ya fito daga inji, Nelson ya kawo mata shi kafin a kai sadakinta. Almakashi bai taɓa shi ba. Ta ƙi ɗinka shi ranar aurenta, ta ƙi bayar da shi lokacin da suka sayar da kusan komai bayan rufe masaƙa. Ta riga ta gaya wa 'ya'yanta cewa da shi za a lulluɓe ta ranar da Ubangiji ya kira ta, kuma duk wanda ya taɓa shi kafin nan ba ta yafe ba.

Da safe ta naɗe shi cikin buhun citta ta kai wa Selina tela. Selina ta warware, ta shafa, ta juya gaba da baya, launi ɗaya ne ko'ina. Da ta ji abin da ake so sai ta ajiye almakashi.

"Mama, ba da hannuna ba. Wannan ai kayan tarihi ne."

"Miƙo nan."

Milka ta karɓi almakashin, ta rufe ido, ta datsa. Ƙarar ta ji ta har cikin haƙoranta. Ta buɗe ido ta ga duniya ba ta tashi ba, sai ta ji wani irin ƙarfi ya shige ta.

"Sauran naki ne. Riga da wando, irin ɗinkin da za ki yi wa mazan gidan. Bakin nan mai tambarin masaƙa kada ki yar, ki sa shi cikin wuyan rigar. In kuma maganar nan ta fita, Selina, na san bakin da ta bi."

Ranar biki gari ya waye da kiɗa. Motocin Kujama sun iso, matan Zumunta suna gwada tulunan kiɗansu a bakin coci, duk inda ka duba zabi ne ke yawo a jikin mutane. Nelson yana ɗaki ya sa rigarsa mafi ƙarancin faci, yana ta goge takalmi. Milka ta shigo cikin ankonta ɗan Caina, ta ajiye sabon ɗinkin a kan gado.

"Na gaya miki," ya ce.

"Ban ce ka sa ba. Taɓa kawai."

Ya yi tsaki, ya miƙa hannu don ya ture kayan. Hannun ya tsaya a kai. Ya murza. Ya juya cikin rigar, shuɗin yana nan daram kamar na waje. Ya kai ta hanci, ƙanshin kafur na akwatin matarsa ya buge shi. Da ya buɗe wuyan ya ga tambarin, sai ya zauna a bakin gado.

"Milka. Kin yanka."

"Na yanka."

"To da me za a lulluɓe ki?"

"Da ta Caina mana. Ni na rantse?" Ta share ido da bakin ɗankwali. "Tashi ka sa, Baban Hephzibah, 'yarka na jira. In ka ɓata mini hoda da kuka ba za mu shirya ba."

Da ya fito tsakar gida, Hephzibah cikin farar rigarta ta saki furen hannunta ta ruga ta rungume shi. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Florence, wadda ta zo tun daga Kafanchan da gwaggwaro kamar faranti, ta matso ta kama hannun rigar ta murza, ta dubi Milka baki buɗe. Milka ta ɗora yatsa a leɓe. Gwaggwannin ango suka auna uban amarya daga wuya har ƙafa, ba su sami abin kushewa ba, har wata ta ce nasa ya fi na kowa kama jiki.

A bakin coci aka jera. Tuluna suka ɗauka, kacau-kacau suka amsa, matan Zumunta suka shiga biyu-biyu suna rausaya, uwar amarya a tsakiyarsu. Nelson yana can baya a bakin ƙofa, hannun 'yarsa cikin nasa, yana kallon aikin hannunsa ya cika coci daga bango zuwa bango, duk an juya masa baya ana tafiya gaba.

Ana tsakiyar waƙa, a tsakiyar layi, Milka ta waiwayo.