Garma Mai Baki Uku

Ranar da aka sayar da shanun huɗa, tsoho ya bi ɗansa shagon injinan noma yana jan ƙafa. Ɗan ya zaɓi ƙaramar tarakta ja, ya haɗa da tirela, sannan ya dafa wata garma mai baki uku.

"Wannan kafin rana ta yi zafi ta gama gonar, Baba."

Tsoho ya ƙura wa garmar ido. "Tana iya kauce wa abu?"

Mai shago ya yi dariya. "Baba, ai ba dabba ba ce. Inda aka nuna mata, nan take bi."

A kusurwar gonar akwai ɗan tudu da ciyawa ta rufe, inda shi da marigayiya matarsa suka binne jaririyarsu ta fari. Bai taɓa gaya wa yaran ba, don shanun da kansu suke karkacewa in sun iso wurin. Ya ce a ransa, gobe zai faɗa.

Washegari ko da ya isa gona, har an gama. Kunyoyi sun miƙe sambal daga iyaka zuwa iyaka. Ɗan ya sauko yana share gumi, baki har kunne.

"Ka gani, Baba? Har tudun banzan nan na baje."

Tsoho ya tsaya a bakin kusurwar, ya rasa inda zai sa ƙafa.