Gawayin Tukunyar Rahamatu

Rahamatu ta ƙanƙame takardar gwajin kamar za ta yage ta, alhali ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Fuskar Malama Nana Hauwa, ma'aikaciyar lafiyar, ta riga ta gaya mata komai. Gubar dalmar da ke cikin jinin 'yarta Balaraba ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi.

Shekarar yarinyar uku. Tun bara ta daina magana sosai, sai suma da ciwon ciki. Da aka bincika, sai aka gano ruwan wankin tsofaffin batura da mahaifinta Ɗanbaba ke fasawa a bayan gida ne ya tsiyaye cikin rijiyarsu. Ɗanbaba ya bar sana'ar ya tafi ci-rani, ya bar Rahamatu da rijiya, don wani ruwan sai an yi tafiyar rabin yini.

Malama ce ta haɗa mata tukunya mai huji a gindi, aka cika ta da yashi da dakakken gawayin karan gero. Wata huɗu ke nan Rahamatu ba ta bai wa Balaraba ko kurɓi ɗaya da bai bi ta tukunyar nan ba.

Malama ba ta yarda ba sai ta gani da idonta. Suka hau babur daga asibitin Shagari zuwa ƙauyen su Rahamatu a bayan Kajiji, Balaraba na goye, kanta yana lilo. Rahamatu ta yi ta addu'a a zuci har bakinta ya bushe.

A gida Malama ta duba tukunyar ciki da waje, ba ta ga aibu ba. Ta tambaya ko ana sauya gawayin duk mako biyu. Rahamatu ta ce ko ranar da ta kwanta zazzaɓi ba ta fasa ba.

"To wanda kinka cire, ina kika kai shi?"

"Shanya shi nika yi, Malama, in zuba ga murhu. Ni ba ni zubda abu."

Gaskiya ta faɗa. Duk ƙauyen an san Rahamatu da tattali, ko ɓawon albasa sai ta samo masa aiki. Har da ɗan alfahari ta nuna ƙwaryar da take tace tokar murhun, da kwalbar ruwan toka a gefe. Tokar karan gero ai babu kamarta a miyar kuka, kowace mace ta sani.

Malama ta zauna a kan turmi.

"Rahamatu, gawayi bai kashe dalma. Kama ta shika yi, ta manne ga jikinai kamar ƙarangiya ga zane. Wuta ma ba ta cinye ta. Laifina ne, na ce ki cire, ban hwaɗa miki ki rufe shi cikin rami nesa da rijiya ba."

Rahamatu ta dubi tukunyar tacewa, ta dubi kwalbar. Guga nawa ta ja a wata huɗun nan? Duk abin da ta raba ruwan da shi, ta tara shi wuri ɗaya, ta zuba a miya. Kuma ba kowa ke samun ƙarin miya a gidan ba sai mara lafiya. Ita ce ke zaunar da Balaraba a cinya, tana lallashi, tana cewa ta ƙara loma ɗaya don ta yi ƙarfi.

Malama tana maganar magani da komawa asibiti gobe da safe, amma muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Balaraba ta motsa a kan tabarma. Ta rarrafo, ta jawo ɗan kwanonta, ta miƙo wa uwarta, abin da ta yi sati ba ta yi ba. A kan murhu miyar rana tana ta ɓararraka.

Rahamatu ta karɓi kwanon ta kife shi. Ta sauke tukunyar miyar, ta ɗauki fartanya, ta tambayi Malama zurfin ramin.